Kitchen da Chicken a Gidan Masinja

Tabawa ta haura hamsin kafin ta shiga makarantar yaƙi da jahilci ta unguwarsu. Ba wani dogon buri gare ta ba, so take ta riƙa karanta takardar magani da kanta, ta daina bin maƙwabta. Wata uku ke nan, kullum ta idar da sallar la'asar sai ta ɗauki littafinta ta fita, har an kai su ga 'yan kalmomin Turanci. Maigidanta Malam Ɗanjummai kuwa tsohon masinjan kotu ne, shekara talatin yana tsintar Turanci a bakin ƙofar alƙali, saboda haka a ganinsa boko a gidan nan nasa ne shi kaɗai. Ga shi tun da ta fara karatun tuwon dare yake makara, abin yana ci masa rai. Ran nan yayarsa Kande ta zo wuni, ya ga ya samu shaida, sai ya gyara zama a tabarma ya ƙwala wa matar kira.

"Tabawa, zo nan. Kalma biyu zan tambaye ki a gaban Yaya. Kin ci, ki ci gaba da zuwa. Kin faɗi, a ajiye littafin nan haka, a koma wa tukunya."

Tabawa ta fito. Ta yi bisimilla a zuci, ta goge hannu da gefen zane, ta durƙusa.

"Mene ne kitchen?"

"Ɗakin girki, Malam."

"To, wannan ko akuyar gidan nan ta san shi. Chicken fa?"

Ta zuba masa ido tana jira. Da ta ga shi ma ita yake jira, sai ta ce, "Cikin me, Malam? Ai ba ka ƙarasa ba."

Dariya ta kama shi har hularsa ta zame. "Yaya, kin ji ko? Wai cikin me! Kaza, baiwar Allah, kaza! Kitchen daban, chicken daban, ko dangi ba su haɗa ba. A kitchen ake dafa chicken. Wata uku kina cinye takalmi a hanya, kaza ta gagare ki?"

Kande ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Kai ma dai ka bi ta a hankali mana."

Tabawa ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Ai malamarmu ta faɗa, kalma ba ta zama a ka sai mutum yana ganin abin kullum. Kitchen ina cikinsa tun asuba. Ita kuwa ɗayar, rabona da ita a gidan nan tun ƙaramar Sallah. Ka shigo da ita gobe mu yi bita."