Tantinmu a Mashayar Shanu

Sati biyu na yi ina karanta yadda ake zaɓen wurin kafa tanti, kafin mu tafi binciken kifi a bakin dam ɗin Zobe. Abokan karatuna suka bar mani zaɓi, na nuna wani fili sumul.

Wani tsohon masunci ya ce, "Malam, ba ka lura ko ciyawa babu a nan ba?"

Na gyara tabarau na ce, "Ai shi ya sa na zaɓe shi, Baba."

Da la'asar sai ga shanu sun gangaro mashayarsu. Suka tattake tantin, wata saniya ta tauna littafin bincikena na shekara guda.

Har yau in na shiga aji, sai a ce, "Barka da kiwo, Ardo!"