Alkawarin da Alhaji Ya Yi a Sama

Kyaftin Hambali Tsakuwa ya shekara ashirin da shida yana tuƙa jirgin sama, amma mai kamfanin da yake wa aiki bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "direba". Ba raini ne kaɗai ya kawo haka ba. Alhaji Na'iya Mai Gingimari da manyan motocin dakon kaya ya yi arziki, tun yana kai albasa Kudu yana dawowa da goro. Da Allah ya ɗaga shi ya sayi jirage huɗu, sai ya ɗauke su a matsayin gingimari masu fukafukai. A wurinsa matuƙi direba ne, mataimakin matuƙi kuwa yaron mota, ko da furfura ta cinye masa gemu. In jirgi ya makara, abin da yake fara tambaya shi ne ko direban ya tsaya ɗaukar fasinjan hanya.

Duk wannan Hambali ya shanye, don mutum ne mai sanyin hali, irin wanda sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar maka da ɗaya. Saboda haka ne ma abokan aikinsa, su matuƙa goma sha takwas ne har da shi, suka naɗa shi shugaban ƙungiyarsu. Sun san shi kaɗai ne zai iya zama da Alhaji awa guda ba a shigo rabon faɗa ba. Shekara huɗu ke nan albashinsu yana nan inda yake, kayan masarufi kuwa kullum sai sun ƙara kuɗi.

Abin ya fara lalacewa ne wata rana da Alhaji ya leƙa ɗakin matuƙa ana tsakiyar tafiya Abuja. Ya tarar da Hambali ya jingina yana kurɓar shayi, mataimakin yana cika wata takarda, jirgi kuma yana ta tafiyarsa babu hannun kowa. Ya tambayi wa ke tuƙi, aka ce masa na'ura ce. Bai ce uffan ba, ya koma kujerarsa. Wanda duk ya san Alhaji ya san irin wannan shirun nasa ba ya haifar da alheri.

Ai kuwa da ƙungiya ta je masa da maganar ƙarin albashi, sai ta tarar ya riga ta shiri. Ya ce shi ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya gani. Direban gingimari yana kwana biyu hannunsa a kan sitiyari, yana fama da ramuka da barci da 'yan fashi, su kuwa a sanyaya musu ɗaki a kawo musu shayi, sa'an nan su zo suna neman ƙari. Ya ce manajansa ya samo masa wani kamfani a Legas mai ba da hayar matuƙa daga ƙasashen waje, kamar yadda ake hayar kujeru ranar biki: a kawo, a yi amfani, a mayar. Babu fansho, babu hutun shekara, babu ƙungiya. Da ya sa hannu, ƙarshen wata kowa ya ajiye hularsa a ofis ya kama gabansa.

Hambali ya yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa ba don lokacin shan shayin ake biyan matuƙi ba, don ranar da na'urar za ta gaza ne, kuma sanin halin sararin ƙasar nan da damina ba a hayarsa. Alhaji ya yi dariya ya ce duk direban da ya taɓa neman ƙari a wurinsa, sai da ya fara ba shi labarin wata muguwar kwana da shi kaɗai ya iya shanta.

Maganar ta yi wa Hambali ciwo ƙwarai. Ya haura hamsin, ba shekarun yawo da takardun neman aiki ba ne, ga 'yarsa tana aji huɗu a karatun likita. Abin da ya fi damunsa ma mutum goma sha bakwai ɗin da ke jiransa a waje, kowa ya zuba masa ido, shi kuwa ya fito ba shi da abin da zai faɗa musu.

To, ranar da Alhaji zai tashi daga Kano ya je Legas sa hannu, sai jadawalin aiki ya faɗo a kan Hambali. Wato shi zai ɗauki mutumin ya kai shi inda za a kore shi. Alhaji ya shigo cikin babbar riga tana ƙamshi, manaja na biye da jakar takardu, ya leƙa ya ce, "Direba, a bi a hankali." Hambali ya ce in sha Allahu.

Watan Agusta ne. Sun ƙetare kogin Kwara ke nan suka tarar hadari ya gina katanga daga gabas har yamma. Hambali ya hango shi tun daga nesa, ya nemi izinin kaucewa, ya sa kowa ya ɗaura ɗamara. Masu ƙarin gishiri suna cewa da gangan ya bi ta gefen da ya fi girgiza. Ni ban yarda ba, don mutumin kirki ne, amma kada a ce in rantse. Ko ma yaya ne, jirgi ya shiga rawa. Ya yi sama, ya faɗo, kofuna suka tashi, salati ya kaure da harsuna iri-iri, har waɗanda suka shigo suna taƙama da Turanci suka tuno da harshen iyayensu.

Hajiya Talatu, shugabar masu hidimar fasinja, tana ɗaure a kujerarta daura da Alhaji, wayar ɗakin matuƙa a kusa da ita. Ita ta zama 'yar aike. Saƙon farko, Alhaji ya ce a gaya wa direba ya faka a gefe har ruwan ya ɗauke. Hambali ya ce a ba shi haƙuri, hanyar nan ba ta da gefe. Saƙo na biyu, Alhaji ya ce to a bar na'urar nan ta yi tuƙin, tunda ita ba ta ruɗewa. Hambali ya ce a gaya masa na'ura ta ajiye aiki tun ɗazu, yanzu hannunsa ne a kai. Alhaji ya waiga neman shawarar manaja, ya tarar kan manaja yana cikin ledar amai.

Daga nan jirgi ya yi wata faɗowa da ta raba Alhaji da hularsa. Ya damƙe hannun kujera, ya ɗaga murya yadda duk 'yan gaba suka ji.

"Talatu, gaya wa Kyaftin, in ya sauke ni lafiya babu wata haya. Babu wanda zan kora. Ƙarin ma na yarda, ko nawa suka ce. Ku shaida."

Yau ce rana ta farko da kalmar Kyaftin ta fito daga bakinsa. Hajiya Talatu ta isar da saƙon, amma a lokacin hannuwan Hambali biyu da idanunsa da duk shekarunsa ashirin da shida suna bakin aiki. Ya ratsa da su ta wata 'yar kafa, ya zagayo ta kan teku, ya ajiye jirgin a Legas a hankali kamar mai ajiye tiren ƙwai. Fasinja suka yi ta tafi da hamdala, wata tsohuwa tana ta sa wa uwar da ta haife shi albarka.

Hambali ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, rigarsa jiƙe da gumi, zuciyarsa fara fat. Har ya fara tunanin yadda zai ba abokansa labari. Alhaji kuwa an tsinto masa hula, ya karkata ta, ya gyara zaman riga, jini ya dawo masa fuska. Da ya iso ƙofa Hambali ya rusuna ya yi masa godiya a madadin matuƙa goma sha takwas da iyalansu.

Alhaji ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya tambayi godiyar mece ce. Hajiya Talatu ta maimaita masa maganarsa kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba.

"Haba direba," in ji Alhaji, yana miƙa wa manaja hannu ya ba shi jakar takardu. "Kai ma ka san maganar da mutum ya yi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ba a kama shi da ita. Ba ni na yi magana ba, tsoro ne. Ni ɗan kasuwa ne, a ƙasa nake ciniki. In na samu lokaci ma sake zama."

Hambali ya leƙa ta ƙofa ya dubi arewa, inda sama ta fara sake yin baƙi, sa'an nan ya matsa ya ba Alhaji hanya cikin ladabi.

"Ba komai, ranka ya daɗe, a sauka lafiya. Jirgin la'asar ma ni zan mayar da kai Kano. Sai mu ƙarasa zaman a inda ka fi saurin fahimta."