Ranar da Aka Kai Ni Haihuwa Ba Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Zainab, 'yar ƙanwata, ɗakin mijinta ba. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bari ba.

A zuriyarmu ni ce mai guɗa. Ba yabon kai ba, idan na kama hanci na rangaɗa ta a Tudun Wada, sai maƙwabta sun leƙo. To sai ga korona ta kwantar da ni. Na tashi dai, alhamdu lillahi, amma numfashin bai tashi tare da ni ba. Daga ɗaki zuwa bakin famfo sai na dafa bango, ga sanyin Jos ba ya raga wa mai ciwon ƙirji. Biki na matsowa na ji ƙishin-ƙishin wai Hajiya Larai, matar yayanmu, za a ba guɗar. (Baiwar Allah, tata guɗar kamar an taka wutsiyar mage.) Na ce wallahi ba da raina ba. Zainab a bayana ta girma, ni zan shigar da ita ɗaki.

Likita ya koya mini yadda ake ƙarfafa huhu: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, in ja iska ta hanci a hankali har cikin ya kumbura, sannan in tsuke baki in fitar da ita kamar mai hura koko. Ya ce safe da yamma, a natse. Ni kuwa uwar naci, na mayar da abin sana'a, ina yi a kicin, ina yi a kan sallaya, har a gidan gaisuwa na taɓa yi.

Ranar biki na ci ado na hau motar haya zuwa Bukuru, inda ake bikin. Da muka ɗau hanya na ce bari in ɗan ƙara kafin mu isa. Na lumshe ido, na dafe ciki, na shiga fuu, fuu. (Ya kamata ku sani, ni mace ce mai jiki, tumbina kan riga ni shiga ɗaki.)

Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Ibo, da kwandon tumatir a cinya. Ta taɓa ni ta ce, "Madam, lafiya?" Na ɗaga mata hannu alamar ta dakata, don ba na son in katse numfashin. Ai kuwa sai ta kwarma ihu: "Oga direba! Wannan mata yana naƙuda! Ni na haifi biyar, na san shi!"

Na buɗe baki in ƙaryata, yawu ya sarƙe ni, tari ya turnuƙe ni. Ina tari, ina hawaye, ina kaɗa hannu, su kuma gani suke abin ne ya taso gadan-gadan. Wani dattijo na cewa, "Sannu Hajiya, yi ta salati." Matar nan ta kama bayana tana murzawa. Direba ya danne hon, ya bar hanya, bai tsaya ba sai ƙofar wani ƙaramin asibiti. Kafin in ankara an ɗora ni a keken marasa lafiya, da leshina da gwaggwarona, fasinjoji na biye da ni.

Nas ta durƙusa ta ce, "Hajiya, wata nawa ne?"

Sai a lokacin murya ta dawo. Na ce, "'Yar nan, autana fa yana jami'a."

"To, wannan cikin fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Tuwo ne."

Aka kwashe da dariya, har mai gadi. 'Yar kasuwar ta riƙe haɓa: "Ah ah! To me ya sa kana yin fuu fuu?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ban sani ba, a kujerar baya akwai ƙanin ango, kuma ya riga ni isa gidan biki da labari. Ina sallama mata suka ɗauka: "Barka da arziki! Mace ko namiji?" Hajiya Larai ta matso tana murmushi ta ce, "Ke dai samu wuri ki huta, mai jego ba ta guɗa."

Kunya ta ce in koma gida. Amma na hango Zainab a lulluɓe a bakin ƙofa tana kuka, sai zuciya ta ɗebe ni. A gaban kowa na dafe tumbin nan, na ja iska ta hanci har ya cika, na kama hanci na saki guɗa. Ta fita tas, doguwa, ba tari ba sarƙewa. Da na dire, Zainab ta laluɓo hannuna ta ƙarƙashin mayafi ta matse, ni ma hawaye suka zubo mini.

Har yau ban daina fuu fuu ɗina ba, kuma duk wanda ciwo ya cinye wa numfashi ina ce masa ya dage, yana dawowa. Sai dai na koyi cewa da likita ya ce a natse, a ɗaki yake nufi, ƙofa a rufe. Sunan Maijego kuwa ya zauna, har jikoki da shi suke kirana.