Lasifikar Bature da Raƙumin Surukina

Ina akawu a Tawa, farkon samun mulkin kai, na raina muryar garmahona. Na sayi lasifikar wani Bature mai komawa gida, ƙatuwa kamar akwatin amarya. Matata ta ce, "Maigida, fara gwada ta a hankali." Na ce wannan harkar masana ce.

Ranar nan mahaifinta ya zo daga Barmu, ya ɗaure raƙuminsa a ƙofar gida. Na ɗora faifai, na ƙure murya. Raƙumi ya tsinke igiya ya yi daji da buhun gero biyu.

Da la'asar wani makiyayi ya maido shi, ko ƙwaya ba ta zube ba. Hamdalar da na yi har da ƙwalla.

Har yau in akuya ta ɓace a Barmu, cewa ake yi, "A tambayo Akawu, ko ya kunna."