Layar da Na Ɗaura wa Farfela

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar nan ta Ɗanbatta ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina.

Ni malamin Islamiyya ne a ƙauyenmu, kuma idan akwai abin da aka san ni da shi, to yaƙi da laya ne. Na yi wa'azi a kanta a aji, na yi a majalisa, na yi a wajen suna (ba tare da kowa ya gayyace ni in yi ba). Har abokina Habu bakanike na taɓa tsare shi a bainar jama'a sai da ya cire kambun da ke dantsensa.

To, da Allah ya hore mini wata tsohuwar jif mai fowil, irin mai ja da tayoyi huɗu, wadda ta girme wasu daga cikin ɗalibaina, sai Inna mahaifiyata ta kira ni ɗaki. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon fuskata ba. Ta turo mini wata ƙatuwar laya, an ɗinke ta da jar fata, mai nauyi kamar sabulun wanki.

"Ga wannan, a rataye a motar nan. Hanya ba ta da tabbas."

Ni da nake tsare ƙarti a kasuwa, sai na ji bakina ya ce, "To Inna, an gode."

Rataye ta a madubi ba zai yiwu ba, gari zai gani. Jefar da ita kuma zuciyata ta ƙi. Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na shiga ƙarƙashin mota na kwanta rigingine, na hango wani dogon ƙarfe mulmulalle da ya taso daga giya ya nufi tayoyin baya. Na ce madalla, ga wuri. Na samo waya da robar tsohon tib na taya na ɗaure layar tamau. (Wallahi a lokacin na ɗauka ƙarfen nan zaman kansa yake yi, kamar azarar ɗaki.)

Washegari mota ta fara rawa. A burtalin gonaki, inda ake tafiya a hankali tsakanin gero da dawa, lafiya lau take. Amma da na hau kwalta na taka totur, sai kujera ta ɗauki kyarma, madubi ya dinga nuna mini motoci bibbiyu. Na kai wa mai faci, ya gwada tayoyi ya ce kalau suke. Na sauya ta gaba ta koma baya, rawa na nan. Na zargi man da na sha, na zargi wanda ya sayar mini da motar da iyayensa. Layar kuwa ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Ranar kasuwa Inna ta ce in kai ta ta sayar da gyaɗarta. Muka isa haƙoranmu na haɗuwa. Da ta gama cinikinta na ce bari mu biya garejin Habu. Ta samu benci a gindin dalbejiya kusa da mai awara, ta ja mayafinta ta zauna.

Habu mutum ne da ba ya iya magana a hankali. Ya ce, "Malam, a ina kake jin ta? A sitiyari ko a kujera?"

Na ce, "A kujera."

"In ka zare giya tana gudu fa, ta daina?"

"Ba ta dainawa."

"To ba inji ba ne, ba kuma tayar gaba ba. Farfela ce. Ko kuros ɗin da ke mahaɗarta ya ci, ko ta lanƙwashe."

Na gyaɗa kai kamar na san mece ce farfela. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Sai da na ga inda hannunsa ya nufa sannan na gane ashe ƙarfen da na ɗaura wa layar shi ne farfela.

Sai dariya ta taso daga ƙarƙashin mota. Habu ya fito yana riƙe da layar sama, ta yi baƙi da mai da ƙasa.

"Jama'a ku zo ku gani! Ƙarfen da yake juyi kamar fanka, an ɗaura masa kaya a gefe guda, ina ba zai yi rawa ba? Malam, ashe kai ma kana taɓawa?"

Direbobi suka taso, masu jiran gyara suka taso, har da mahaifin wani ɗalibina, buhun taki a kafaɗarsa. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin zufa. Na ja da baya, na dafe ƙirji, na ce da ƙarfi, "Inna lillahi! Wannan aikin maƙiya ne! Sammu aka yi mini!"

Nan take wuri ya ɗauka. Wani ya ce dama mai faɗar gaskiya ba ya rasa maƙiya. Wani ya ce a farke ta a ga sunan wanda ya yi. Wani ya tafi neman ashana a ƙona ta. Ni kuma ina tsaye ina karɓar jaje, har na fara jin daɗin abin.

Sai na ji takun silifas a bayana. Inna ce. Ta ratsa maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta miƙa wa Habu hannu.

"Habu, ba ni abina. Ni ce maƙiyiyar. Ni na ba yaron nan, na ce a rataye."

Habu, duk surutunsa, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta goge layar da bakin mayafinta, ta ƙulle a haɓar zani, ta koma bencinta. Mai ashana ya dawo ya tarar kowa na kallon ƙasa.

Da muka hau kwalta za mu koma gida, motar nan ta miƙe sumul kamar sabuwa, ba rawa ba ƙara. Ban taɓa jin haushin lafiyar mota ba sai ranar, don babu abin da zai rufe shirun da ke tsakaninmu. Sai da muka kusa gida ta yi magana, idonta na kan gonaki.

"Da an ce mini ba a so, ai da na riƙe kayana."

Na ji kunya a gareji, amma wannan maganar ta fi ciwo. Har gobe ra'ayina a kan laya bai sauya ba, sai dai na rage ɗaga murya. Abin da na koya shi ne, wanda bai iya faɗa wa uwarsa gaskiya a ɗaki ba, bai kamata ya dinga tsare ƙarti a kasuwa ba. Kuma kafin ka ɓoye abu a jikin ƙarfe, ka fara tambaya ko yana juyawa.