Ranar da Gimbiya Ta Kai Amarya Gulbi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai amarya Argungu ba, ko na so in manta ma mutanen Argungu ba za su bar ni ba. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke mana jiharmu ba, motocin Birnin Kebbi kuwa daga ƙara kake gane mai kowace.

Ni manomin albasa ne. Boko iyakata ƙofar aji (malamin ya ce in dawo gobe, har yau goben ba ta yi ba). Amma ina da mota. Gadonta na yi wurin yayana marigayi, wanda ya saye ta sabuwa fil, ya kuma fi tausayinta a kan ƙafafunsa. Daga Sallah sai Sallah take fita. Da ta zo hannuna na ɗora daga inda ya tsaya: na yi mata rumfar zana, na lulluɓe ta da bargo, na sa mata suna Gimbiya. Shekaru suka tura, ko ledar kujerunta ba a cire ba.

Da bikin Hadiza ɗiyar ƙanwata ya matso, dangi suka ce Gimbiya ce za ta ɗauki amarya. Na bugi ƙirji na ce har ƙofar ango zan dire ta, a ga gata. Na kai motar wurin Mamman bakanike don ya hura mata taya. Mamman taubashina ne, tun muna yara bai taɓa yi mini maganar da babu tsiya a cikinta ba. Ban sa shi ba, ya buɗe gaban mota, ya zaro ƙarfen awon mai ya shinshina, ya kwance murfin man birki ya leƙa.

"Kai baƙauye, yaushe rabon da a juye mata mai?"

"Juyewa? Wanga mai tun na kamfani ne. Na Bature. Hannu bai taɓa shi ba."

"To ai shi ne ciwon. Baƙin mai ya zama kwalta, na birki ya sha ruwa. Bari in zubar in ɗura sabo."

"Ina ta je da man zai gaji? Ka taɓa ganin doki ya gaji a turke?"

Nan take na gano wayonsa (a ganina ke nan): so yake ya tatse man Bature ya ɗura wa babur ɗinsa. Na ja motata na tafi, har na ba da labari a majalisa cewa yau na kayar da taubashi.

Ranar kai amarya muka kama hanya da rana tsaka, kwalta kamar ta narke. Hadiza na baya cikin lulluɓi da ƙawayenta, tana kukan nan na al'ada, alhali kowa ya san ita ta zaɓo angon da kanta. A gaba kuwa Gwaggo Kulu ce, ƙanwar babanmu, da carbinta. Ni da ban saba tuƙi ba, ƙafa ɗaya na kan totur, ɗayar na kwance kan birki tun daga Birnin Kebbi, wai don ladabi.

Gidan ango yana bakin wata gangara da ta miƙe zuwa gulbi. Muna shigowa aka ɗauki guɗa, kalangu ya amsa, maroƙi ya hango ni ya fara wasa ni. Na gyara hula, na taka birki. Ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka kunu. Na sake takawa, shiru. Na fizgo birkin hannu, wayarsa ta ce ɗas.

Abin haushin, ba gudu take yi ba. Tafiyar ƙasaita take, a hankali, yadda kowa zai ƙare mini kallo. Ban san lokacin da na fara ɗaga wa jama'a hannu ba.

"Kai ɗan nan," in ji Gwaggo, "ga gidan nan mun wuce!"

"Zagaye za mu yi, Gwaggo. Sabon yayi ne."

Makaɗa suka ɗauka da gaske ne, suka biyo mu da kiɗa. Muka bi ta kan tarun da masunta suka shanya, muka kwashe shi, sannan Gimbiya ta dulmiya hancinta cikin laka ta mutu.

Wani tsohon masunci ya leƙo ta taga ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Amma ka yi sauri, ba a buɗe kamun kifi ba tukuna."

Gwaggo ta jefa mini carbi a ƙeya. "Amarya munka kawo, ba wankin mota ba, ɗan banza!"

Sai muka ji wani sauti daga ƙarƙashin lulluɓi. Na ɗauka kukan ne ya ƙaru, ashe Hadiza ce ke dariya har da shiɗewa. Haka mata suka goya ta suka haura gangarar, lallenta duk laka, ta shiga gidan miji tana ƙyalƙyala. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irin wannan rashin kunya ba, kuma duk a kaina aka sauke.

Ina tsaye cikin taɓo, babbar riga a kafaɗa, sai ga Mamman a kan babur, da galan ɗaure a baya.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa! A juye yanzu, ko a bar na Baturen?"

Sunan ya bi ni har yau, 'ya'yan Hadiza ma da shi suke kirana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni ne fa mai koya wa mutane cewa albasa a ajiye take ruɓewa in ba a juya ta. Tun daga ranar, ko Gimbiya ta fita ko ba ta fita ba, mai dai sai an juye. Kuma in taubashi ya zage ka, tsaya ka tsince zagin da kyau, wani lokacin akwai birki a ciki.