Gwangwanin Kaka a Gonar Auduga

"Lafiya lau, ya rana? Ke amaryar ƙarya, ina maganin feshin da na aike ki?"

Kaka ne tsaye a gonar audugarsa, shukar sati huɗu, ganyen ya fara nannaɗewa. Bara ƙwari sun cinye masa rabin gona. Jikarsa, malamar gona, ta iso hannu rabbana.

"Ban sayo ba, tsoho. Sai na duba tukuna."

"Duba me? Na fara noman auduga ubanki bai iya ɗaura wando ba!"

"Shi ya sa idonka ya ƙare. Matsa."

Ta durƙusa tana juya ganye. Tushe ashirin ta duba, huɗu kacal ta samu da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye.

"Wannan bai kai a yi feshi ba. Abin mamaki ma, ina jajayen ƙwarin nan masu ɗigo-ɗigo baƙi? Shekaranjiya gonar cike take da su."

Kaka ya gyara tsayuwa, ya ɗago wani gwangwanin madara mai murfi.

"Ga su nan! Tun safe nake tsince su ɗaya-ɗaya, har bayana ya ƙage. Ke kina ofis kina shan fanka."

Ta leƙa ciki, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah! Kaka, waɗannan su ke cinye darɓar! Ka kama masu gadi ka bar ɓarayi!"

"Ƙarya kike, mai kai kamar tulu."

"Mai baki ba haƙori, zo ka gani."

Ta ɗauki guda ta ɗora a bayan ganye. Ƙwaron ya ɗan zagaya, ya cafke darɓa, ya shiga ci. Kaka ya sunkuya har hularsa ta faɗi. Ya ɗauke ta ya karkaɗe.

"To ai na sani," in ji shi. "Hutu na ba su, sun gaji."

"Hutu a gwangwani? Na sake ka, saki uku! Miji zan nema mai ido."

"Wa zai kwashe ki da wannan bakin? Haba amarya, a yi haƙuri."

"Sai ka mayar da su da hannunka. Jibi na dawo mu sake ƙirga. In darɓar ta ƙaru, ni da kaina zan goyo famfon feshi."

Kaka ya fashe da dariya, ya buɗe murfin, ya bi kunya yana zazzage su a hankali.

"Ku yafe ni, jama'a. Amma don Allah kada maganar nan ta je kunnen kakarki."